Malama Indo da wutar da ta tsaya a kan gidanmu

Ina tankaɗen garin masara da safen nan waya ta yi ƙara. Ɗan Malama Indo ne daga Funtua. Ya ce, "Jummai, sai haƙuri. Malama ta cika bayan sallar asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san inda na jefar da rariyar ba. Har yanzu da gari a hannuna nake taɓa wayar nan.

Malama Indo ta tafi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ta daɗe tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Malumfashi. Da ta yi ritaya sai ta dawo ƙauyenmu nan bayan Tsiga, gidan mahaifinta, ta buɗe wa matan aure aji a tsakar gida bayan la'asar. Ni a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya. Wannan rubutun da kuke karantawa ita ta gyara mini hannu har ya kai haka. In kun ga kuskure, nawa ne.

Ba ta taɓa ce wa ɗayarmu "kin faɗi" ba. Sai dai ta ce, "Kin kusa, sake."

Ranar da na zo babu fensir, nata ta karya biyu ta ba ni rabi.

In ɗiyata Safiya ta hana ni rubutu da kuka, Malama ce ke karɓarta ta goya, ta ci gaba da rubutu a allo da goyo a bayanta.

Tun safe nake kuka, kuma na san ban gama ba. Amma yanzu labarin ranar da ta yi nasara nake so in ba ku, don akwai waɗanda suka ji shi rabi da rabi, akwai kuma waɗanda suka ƙara masa gishiri. Ni a kaina abin ya faru.

Shekara uku ke nan, lokacin cirar auduga. Kun san halin da yankinmu yake ciki. An shiga ƙauyuka biyu kusa da mu, kowa barcin zomo yake yi. 'Yan sintirinmu suka sare itatuwan mangwaro da ɗorawa da ke gabashin gari, don kada wani ya samu wurin laɓewa. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta wannan gefen. Maigidana, Baban Safiya, cajin waya yake yi, yana da sola a kan kwanon gida, kuma sau biyu a mako yakan je Funtua saro kaya.

Ba a daɗe da sare itatuwan ba aka fara ganin wata wuta bayan isha'i.

Ƙasa ƙasa take fitowa. Ta yi ja, ta yi shuɗi, ta yi kore, ta koma fari fat. Ba ƙara, ba gudu irin na jirgi. In ka tsaya a dandalin ƙofar masallaci, daidai kan solarmu take.

Wani ya ce diron ne, irin ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto. Wani ya ce na 'yan bindiga ne, gari suke leƙe. Aka lura in an jima sai ya yi sama a hankali, ya daina canza launi. Aka ce to, ya gama ɗaukar hoto ke nan, ya hau ya saje da taurari. Aka yi ta ɗaukarsa a waya ana turawa. Mata suka daina fita gonar auduga, wasu gidaje har sun fara ɗaure kaya.

Sai aka fara tambaya, me ya sa kullum kan gida ɗaya yake tsayawa?

Ranar Litinin da hantsi Kwamanda Iro, shugaban 'yan sintiri, ya zo da mutanensa. Suka ce solar nan ce ke kiran jirgin. Suka ce mai zuwa Funtua sau biyu a mako, wa ya san wanda yake gani a hanya? Suka tafi da Baban Safiya, suka kulle shi a ɗakin ajiye taki na gidan mai unguwa, aka ce ranar Juma'a za a san abin yi da shi.

Ba sai na faɗa muku abin da ke samun wanda aka kira infoma a wajenmu ba.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa a fili ba. Ni ma na ga wutar nan da idona. Har na fara tambayar kaina ko akwai abin da mijina yake ɓoye mini. Allah Ya yafe mini, shi ma na roƙe shi ya yafe.

Duk gidan da na shiga neman taimako, sai a sunkuyar da kai. Da la'asar na je wurin Malama. Ba kowa a aji. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Ashe ƙafa ce ta kwantar da ita kwana biyu, labarin wutar kawai take ji, ba ta fita ta gani ba.

Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Tambayoyi ta jero mini. Ƙarfe nawa yake fitowa? Ta ina? Sama yake yi ko ƙasa? Akwai wasu taurari uku a jere a samansa, kamar an dasa su da igiya?

Na ce, "Malama, mijina na kulle, ina na ga ta ƙirga taurari?"

Ta ce, "To yau za ki ƙirga, ɗiyata. Ki zo ki riƙe ni bayan isha'i."

Na riƙo ta har dandali, tana dogara sanda. Wutar ta leƙo ta kan kwanonmu. Malama ta dube ta, ta ɗaga kai sama kaɗan, sai kawai ta fashe da dariya.

Wallahi na ji haushin dariyar nan.

Ta ce, "Jummai, ai wannan tsohon abokina ne. Shekara talatin ina nuna wa 'yan mata shi. Tauraro ne. Larabawa na ce masa Shi'ira, Turawa na ce masa Siriyas. Duk taurarin dare babu wanda ya kai shi haske. Ga ukun can a jere, bi layinsu ƙasa, kansa za su kai ki."

Na bi. Kansa suka kai ni.

Na ce mu je yanzu mu faɗa musu. Ta ce a'a. "Mai tsoro ba a gaya masa, nuna masa ake yi. Gobe ki zo mini da taɓarya biyu."

Da safe ta je gidan mai unguwa. Ina bayanta. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. A tara mini mutane yau bayan isha'i."

Kwamanda na gefe. Ya ce, "Hajiya Malama, wannan ba maganar aji ba ce. Maganar tsaro ce."

Ta ce, "Iro, na ci tuwon sunanka. Ka bari in gama magana."

Mai unguwa ya rufe baki da gefen rawani. Ya ce an ba ta.

Daren Talata dandali ya cika. Maza a gaba, mu mata muna raɓe jikin katanga. Malama ta sa Liman ya riƙe agogo. Wutar na leƙowa ta ce, "Allah gafarta Malam, ƙarfe nawa?" Ya ce takwas saura minti goma. Ta sa aka kafa taɓarya ɗaya a inda take tsaye, ɗayar kuma a gaba, suka yi layi da wurin da ya fito.

Ta ce, "Kan gidan wa yake?"

Aka amsa gaba ɗaya, "Gidan mai caji!"

Ta ce, "To ku biyo ni."

Tsohuwa da sanda a gaba, gari guda na bin ta. Muka bi ta lungun rijiya, ta tsaya. "Yanzu fa?"

Can wani ya ce a hankali, "Kan gidan Liman ne."

Liman ya ce, "A'uzubillahi!"

Muka ƙara gaba har bayan injin niƙa. Ta sake tsayawa. Wannan karon ba ta ma yi tambaya ba. Mai shayinmu ne ya ɗaga murya, "Kai jama'a! Kwamanda, ga shi nan a kan ɗakin amaryarka! Yaushe ka sa sola ba mu sani ba?"

Aka kwashe da dariya. Rabon da in ji dariya a garinmu har na manta.

Kwamanda bai yi dariya ba. Ya ce, "Bin mu yake yi. Ai diron tafiya yake."

Malama ta ce, "Madalla. Wa ka yarda da shi a duniya wanda ba ya garin nan?"

Ya ce yayansa da ke Dandume.

"Kira shi, ka sa a sifika."

Ya kira. "Yaya, don Allah fito waje ka dubi gabas, ka ɗan karkata dama."

"Lafiya, Iro? Ina cin tuwo."

"Fito dai. Me ka gani?"

Muka ji ƙarar ƙyaure. Sai muryar ta ce, "Wani abu ne ke ƙyalli ƙasa ƙasa. Ja, shuɗi... Kai, a kan gidan maƙwabcina yake! Mene ne wannan?"

Wata mata ta kira ɗiyarta a Malumfashi. Ita ma ta gan shi, a kan tankin ruwan unguwarsu.

Malama ta ce, "Abin da ke kan kwanon Jummai ba za a gan shi a Dandume ba. Nisansa ne ya sa kowa ke ganin a kan gidan maƙwabcinsa yake. Da can itatuwa ke rufe shi, ba ku ganinsa sai ya yi sama ya natsu. Ku kuka sare itatuwan."

Wani ya ce, "To canza launin fa? Tauraro na yin ja da kore?"

Ta ja mu wurin murhun mai shayi. Ta sa aka kunna tocila a ɗaya gefen wutar, ta ce a dube ta ta cikin hucin da ke tashi. Hasken ya yi ta rawa. Ta ce, "Tocilar ce ke rawa, ko iskar da ke tsakaninku da ita? Shi ma haka ne. Fari ne tas. In yana ƙasa, haskensa iska mai kauri yake ratsawa, mai zafi da mai sanyi, su ke wargaza shi ya fito launi launi. In ya hau sama iskar ta ragu, sai ya natsu."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Amma Kwamanda ya ce rayukan mutane ne a wuyansa, ba zai saki mutum a kan wasan tocila ba.

Ban ga laifinsa ba a yanzu. A lokacin kam na gani.

Malama ta koma wurin taɓaryun nan, ta dafa ɗaya. Ta ce, "Yau ya fito takwas saura goma. Gobe zai fito saura sha huɗu, a daidai wannan layin, ba dama ba hagu. Jibi saura sha takwas. Kullum minti huɗu yake ragewa. Ɗan bindiga bai ba ni jadawalinsa ba. In ya saɓa, ranka ya daɗe, a buɗe ɗakin takin nan a haɗa ni da mai caji."

Na kama hannunta na ce, "Malama!" Ta ce, "Sakar mini hannu, ƙafata ce ke ciwo, ba kaina ba."

Ranar Laraba ban iya cin komai ba. An sa mutum biyu gadin taɓarya kada wani ya taɓa.

Ana idar da isha'i kowa ya fito da waya a hannu. Har mutanen ƙauyukan kusa sun zo a kan babura. Aka fara gardama, wannan ya ce agogonsa ya kai, wancan ya ce saura minti biyu. Mai unguwa ya ce na Liman za a bi, tunda da shi aka fara.

Liman ya ce, "Saura sha biyar."

Babu komai a kan kwanonmu. Duhu kawai.

Ban taɓa sanin minti ɗaya na da tsawo haka ba. Na runtse ido ina salati. Malama kuwa tana zaune a kan turmi tana ɓare goro.

Liman ya buɗe baki zai ce saura sha huɗu, sai na ji dandali ya ɗauka, "Allahu Akbar!"

Na buɗe ido. Ga shi nan a kan taɓarya, ja, shuɗi, fari.

Mata suka saki guɗa. Ni kuwa na yi sujada a wurin.

Kwamanda bai jira jibi ba. Shi da kansa ya karɓi makulli ya buɗe ɗakin. Baban Safiya ya fito yana warin taki, ido ya faɗa. A gaban kowa Kwamanda ya cire hula ya ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Maigidana ya wuce kai tsaye ya zube gaban Malama yana kuka. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Je ka yi wanka, ka ishe mu da wari."

Akwai wani dattijo Bamaguje, Baba Nomau, da ke zaune a gefen gari. Ya matso ya ce, "Ai tun kakanninmu mun san shi. In ya fara faɗawa yamma da magariba, sai mu gyara iri, ruwa ya kusa." Aka ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "In faɗa a ce ni ne na biyu?"



Malama ba ta kunyata kowa ba. Ta ce wa 'yan sintiri, "Tsoronku gaskiya ne, ku ci gaba da gadi, Allah Ya tsare ku. Amma kafin ku kama mutum, ku matsa gefe ku sake dubawa."

Washegari aka kwance kaya, muka koma gonar auduga.

Daga ranar ajinmu ya cika har ƙofa. Maza ma sai su zauna a zaure wai hutawa suke, alhali kunne suke kasawa. A nan ta gaya mana cewa tauraron nan rana ce irin tamu, har ya fi ta girma da zafi, nisa ne ya ƙanƙantar da shi. Kuma duk da haka yana cikin maƙwabtanmu na kusa. Wata ta ce, "Malama, in wannan ne na kusa, Allah Ya raba mu da zuwa biki wurin na nesa."

Ganina da ita na ƙarshe mako biyu ke nan, a gidan ɗanta a Funtua. Na kai mata zogale da ƙuli. Ta rame sosai, muryar ta yi ƙasa. Na zauna zan fara kuka, ta ce, "Ajiye wannan. Jarrabawa zan yi miki."

"Hasken tauraron nan shekara nawa yake yi a hanya kafin ya iso mu?"

Na ce, "Takwas da 'yan watanni."

"Ya fi rana haske?"

"Ya ninka ta fiye da sau ashirin."

"Shi kaɗai ne?"

"A'a, Malama. Yana da ɗan ƙaramin abokin tafiya da ido ba ya gani sai da na'ura. Girmansa kamar duniyarmu, amma nauyinsa ya kai na rana. Shekara hamsin suke yi kafin su zagaya juna sau ɗaya."

Ta yi murmushi ta ce, "Ni zagaye ɗaya da rabi na samu. Ba laifi."

Na jira in ji "kin kusa, sake."

Sai ta ce, "Kin ci. Allon yana can gida bayan ƙyaure, ki ɗauka. Kada matan nan su zauna haka."

Na ce ni da ban gama firamare ba? Ta ce, "Wanda kika sani shi za ki ba su. Wanda ba ki sani ba ki ce ban sani ba, ku nemo tare."

Na ɗauka. Ranar Asabar da ta wuce mata goma sha ɗaya suka zo. Na so in je in gaya mata, Allah bai nufa ba.

Nan gida za a kawo ta, bayan azahar za a yi jana'iza. Ɗazu na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Kwamanda Iro ne, da diga da shebur ɗaure a baya. Ya ce, "A ce wa mai caji ya fito, kada wasu su riga mu." Baban Safiya ya sa hula ya hau bayansa. Yanzu haka suna can su biyu suna haƙa mata makwanci.

Ya Allah, baiwarKa Indo ta zo gare Ka. Ta tsaya wa wanda aka zalunta ranar da kowa ya sunkuyar da kai, Ka tsaya mata ranar da babu mai tsayawa sai Kai. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa iliminta ya zama sadaka mai gudana. Ka ba 'ya'yanta da mu ɗalibanta haƙuri. Ka kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, kada ka wuce haka. Ka ɗaga hannu ka roƙa mata rahama. 'Ya'yana da ubansu suke kwana saboda ita.

Allah Ya jiƙan Malama. Amin.